Sussuka a Ƙofar Biro

Shekarar da zuzzuda ta sauka a gonakin Kwaya, gero ya yi tsayi ya fid da kai, duk wanda ya bi hanya bisa babur sai ya rantse an yi albarka. Sai ka kama zangarniya ka murza a tafin hannu sannan ka ga aikin tsutsar. Ta bi kan geron tana zagayawa daga gindi har bisa, ta cinye ƙwaya tun tana ruwa, ta bar wa manomi kara da ƙaiƙayi.

Inuwa Sarkin Noma na Tudun Aduwa ya san haka tun hatsi na tsaye. Ya haura shekara sittin yana riƙe da hauya, ba tsutsar da za ta ɓoye masa. Sarautar noman gado ya yi daga ubansa, wanda ya taɓa ɗaure dami dubu a damina guda, har yau tsofaffi suna lissafin shekarun ƴaƴansu da bukin. Da kaka ta yi, Inuwa ya ɗaure nasa kamar yadda kowa ke ɗaurewa: kyawawan kawuna a waje, raunana a ciki. Wannan ba ha'inci ba ne. Ko mai riga biyu, mai kyan yake ɗorawa bisa.

Damman suna jere a bakin rumbuna sai ga Habibu ma'aikacin gona daga Magariya, yaro mai ladabi, da kaye, littafin rubutunsa, da bik na rubutu a aljihun gaba. Gwamnati ce ta aiko shi ya ƙiyasta abin da kowane gari ya samu, don a san waɗanda za a kai wa agaji. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari, magidanta suka cika wurin. Tambayar takardar guda ce: dami nawa?

A Tudun Aduwa in ana maganar hatsi ba mai buɗe baki kafin Sarkin Noma. Inuwa ya duba hagu, ga Maina zaune yana jan carbi yana kallonsa ta wutsiyar ido. Maina sa'ansa ne, tun suna samari suke tseren kunya a wurin gayya, ba wanda ya taɓa yarda ɗan'uwansa ya riga shi kai gaci. Inuwa ya ce ɗari da arba'in. Bai ƙara ko guda ba. Habibu ya tambaya ko an samu wata matsala bana.

"Zuzzuda ta ɗan leƙo, ba a rasa ba," in ji Inuwa. "Sai godiyar Allah."

To, Sarkin Noma ya ce sai godiya, wane ne zai miƙe bayansa ya ce gidansa ba abinci? Maina ya ce ɗari da goma, shi ma sai godiya. Haka aka bi layi har kan ango na bana mai dami goma sha biyu. Habibu ya yi abin da aka koya masa a lakwal, kowane dami ya ba shi tiya shida, ya haɗa ya raba da yawan bakunan gari, ya ga Tudun Aduwa za ta ci har wata kaka. Mai gari ya sa hannu, Inuwa ya dangwala yatsa, aka raka baƙo da kaza.

Bayan wata huɗu aka karanta lis a rediyo, jerin farko na garuruwan agaji. Garuruwan da aka lissafa za su samu hatsi, da irin shuka, da dusar dabbobi, da ɗan kuɗi kowane gida. Aka kira garin da ke gabas da su, aka kira na arewa, aka tsallake zuwa wajen Mallawa. Mutane suka tsaya kan rediyon har aka shiga sanarwar ɗaurin aure, ba Tudun Aduwa.

Ba wanda ya zo ya ce wa Inuwa kai ka ja mana. Gaisuwa dai ta gajarce. Wanda ya saba durƙusawa ya tambayi gida da gajiya da sanyi, yanzu hannu yake ɗagawa daga nesa. Samari suka fara ɗaure ƙullin kaya suna tsallaka iyaka tun lokacin cin rani na gaske bai yi ba, har da masu mata. Wani ya kai garmarsa kasuwa. Inuwa ya san abin da ke biye da wannan: in aka cinye iri, aka saida kayan aiki, ko ruwa ya sauka da wuri gonakin za su kwana ba shuka, gari kuwa in ya fashe da wuya ya sake haɗuwa.

Wata safiya ya hau tsani ya zaro dami guda daga rumbu ya miƙo wa matarsa Fanna, kamar yadda ya saba duk bayan kwana uku. Fanna Babarbariya ce, doguwa, ba ta da yawan magana sai an taɓo ta. Shekara arba'in tana karɓar dami daga hannunsa, ba ta taɓa leƙa rumbun ba, don mace ba ta leƙa rumbun miji, shi kuma bai taɓa tsayawa bakin turmi ba. Ran nan ba ta ɗauki damin ba. Ta ce ya ƙaro biyu.

Ya ce mata ko baƙi aka yi bai sani ba.

"Ba baƙo, Sarkin Noma. Akuyoyina ne suka ƙare."

Ya sauko daga tsanin. Ta gaya masa a tsaye, ba ta ɗaga murya ba: tun farkon kaka daminsa bai taɓa ba ta tiya biyu cikakku ba. Ita ke cikawa. Akuya bakwai ta saida ɗaya bayan ɗaya, ta sayo gero a kasuwa ta shigo da shi cikin kwandon tafasa don kada surukanta su gani su raina gidan. Ta ce matan gari duka haka suke yi, kowace ta san ta kowace, don turmi ba ya ɓoye sauti. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa ranar da ma'aikaci ya zo. Ta ce ma'aikacin tabarmar maza ya zauna, kuma dami ya tambaya, ita tiya ta sani.

Inuwa ya ga turken akuyoyin yana raguwa tun tuni. Bai tambaya ba ne don ya san amsar ba za ta yi masa daɗi ba.

Kashegari ya hau kabu-kabu ya tafi Magariya. Ya tarar da ƙofar biro, ofishin komitin agaji, cike da masu gari da rawuna, kowa da kukansa. Da ƙyar ya samu Habibu. Yaron ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya jawo kaye ya buɗe masa shafin. Ya ce ranar Laraba komiti zai zauna ya rufe lis a tura Damagaram. Ya ce gari talatin suka zo da magana irin wannan, cikinsu har da waɗanda kowa ya san rumbunansu a cike suke, shi ya sa komiti ya daina jin baki.

"Baba, ga yatsanka nan. Ni abin da ka faɗa na rubuta. In na je na ce ba haka ba ne, za a tambaye ni nawa aka ba ni."

Inuwa bai ga laifinsa ba. A hanyar komawa yana bayan babur yana juya maganar. Baki ya ɓata, baki kuwa an daina saye. In ya ɗauko dami guda ya kawo, za a ce ya zaɓo mafi lalacewa. In ya ce a zo a duba, kafin a samo mai da izini Laraba ta wuce. Abu guda ya rage.

Da ya isa gida ya gaya wa Fanna abin da ya yanke. Ta tambaye shi ko ya san abin da za a riƙa faɗa a kasuwanni, cewa ɗan mai dubu ya kwashe rumbunsa ya kai titi yana nuna wa duniya tsiraicin gidansa. Ya ce ya sani. Ta ce to turminta babba ya tsage, sai a aro na Habsatu matar ɗansa, kuma a tafi da Saratu matar ɗayan ɗan don ta fi kowa iya shiƙa.

Amalanke guda gare shi, yana buƙatar uku. Biyun na Maina ne. Wannan ya fi masa komi nauyi. Ya same shi a zaure yana gyaran igiya, ya zauna, ya faɗi abin da ya kawo shi ba kwana-kwana. Maina ya ajiye igiyar. Ya ce shekara hamsin yana jiran ranar da Inuwa zai zo neman wani abu a ƙofarsa, ga ta ta zo kuma ba ta yi daɗin da ya zata ba. Ya ce zai ba da amalanken da shanun, amma shi zai kora da kansa, don ba ya barin kallo irin wannan ya wuce shi.

Ranar Laraba da an sallame asuba, maza huɗu suka ɗage jinkar rumbun Sarkin Noma suka ajiye ƙasa. Ba a taɓa yin haka ba sai ranar zuba hatsi ko ranar rabon gado. Bayan zakka da biyan bashi da abin da aka ci, dami hamsin da takwas suka rage. Aka loda su duka, ko guda ba a bari ba, aka ɗora turame biyu da taɓare da ƙoruka, matan uku suka hau bisa kaya. Mutanen gari suka fito ƙofofinsu suna kallo.

A kan hanya duk garin da suka ratsa sai an tambaya ko saidawa za a yi. Maina ne ke amsawa, yana cewa a'a, Sarkin Noma ne zai kai geronsa asibiti. Wasu suka yi dariya suka koma, wasu suka biyo su a ƙafa. Kafin su shiga Magariya da hantsi, bayansu ya yi mutum arba'in.

Mai gadin biro ya ce nan ba kasuwar hatsi ba ce. Inuwa ya ce ya sani, ba ciki za su shiga ba, inuwar dalbejiyar ƙofa ta ishe su. Aka sauke damman aka jera, kyawawan kawuna suna sheƙi a rana, har wani ɗan kasuwa ya tsaya yana tayawa. Hayaniyar ta fito da shugaban komitin, Mushe Nasiru a kiran Faransanci, wani Bafillace siriri mai tabarau, Habibu na bayansa fuskarsa duk damuwa.

Inuwa ya tuɓe takalmi ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya juya yadda taron zai ji.

"Ranka ya daɗe, ni ne Inuwa Sarkin Noman Tudun Aduwa. Ni na ce wa yaron nan sai godiya, garinmu ya bi bakina. Yawan damin da na faɗa gaskiya ne, abin da ke cikinsu ne ban faɗa ba, don kunya. Ga rumbuna nan gaba ɗaya. Ka zaɓi wanda ka ga dama, a sussuke a gabanka."

Mushe Nasiru ya zagaya damman hannu a baya. Ya ce shi a idonsa wannan gero ne mai kyau. Fanna na bakin turmi tana ɗaura ɗankwali. Da ma tun da ya fito ta gane Bafillace ne, tsakanin Barebari da Fulani kuwa akwai wasa, ko sarki ne sai ya haƙura.

"Yo ina bawana zai san gero? Ku da kuka saba a dama a miƙo muku. Zaɓi dai, ɗan nono."

Taron ya kwashe da dariya. Mushe Nasiru ya gyara tabarau ya ce ashe baiwarsa ce ta biyo shi har wurin aiki, to ta yi sussukar da kyau ko ya saida ta a sayi gishirin shanu. Ya nuna wani dami na can ƙasa, mafi girma a jerin, ya ce Habibu ya zaro shi da hannunsa. Ya aika aka aro tiya daga wurin masu awo a kasuwa, don kada a ce da tasu suka zo.

Aka kwance damin. Habsatu da Fanna suka kama taɓare, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, Saratu na shara tana mayarwa. Ƙarar turmi ta cika unguwar ma'aikata, har masu buga takardu suka leƙo ta taga. Da Saratu ta ɗaga ƙwarya ta fara shiƙa, iska ta kwashi ƙaiƙayin ta yi cikin biro da shi. Ƴan komiti suka fito suna atishawa suna sosa wuya. Ƙaiƙayin ya yi ta tashi kamar ba zai ƙare ba, abin da ke zuba a ƙwaryar ƙasa kuwa ɗan tsiriri.

Inuwa na tsaye yana kallon ƙwaryar. Bai taɓa ganin abin da daminsa ke bayarwa da idonsa ba sai ran nan, tare da mutanen Magariya.

Habibu ya durƙusa ya auna. Tiya ɗaya ta cika. Ta biyu ta tsaya a rabi. Ya kakkaɓe ƙwaryar, ya hura, ba ƙari.

Mushe Nasiru ya zaɓi wani damin daga kayan amalanke na biyu, ya ba da tiya biyu ba kaɗan. Na uku bai kai na farko ba. Wani tsoho daga cikin masu garin da ke jira ya matso ya ɗebi geron ya duba, ya ce ko wannan ɗin rabinsa ba ya tsira in an shuka.

Mushe Nasiru ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya gani, amma wannan gida guda ne, lis kuwa gari ake sawa. Inuwa ya buɗe baki ke nan sai Maina ya sauko daga amalankensa, ya karkaɗe riga, ya ratso taron.

"Mushe, in na Sarkin Noma ya ba da ɗaya da rabi, nawa ba zai kai ba. Ban taɓa faɗar haka ba tun da uwata ta haife ni, a rubuta. A zo gidana gobe, ni zan ɗage jinkar."

Ƴan komitin suka koma ciki suka rufe ƙofa. Inuwa ya zauna a gindin dalbejiya. Fanna ta tattara geron nan da bai cika tiya biyar ba ta ƙulle a zane, ta ce ba za ta bar wa tantabarun gwamnati ba. Kafin azahar Habibu ya fito da saurinsa ya ce an ɗaga rufe lis zuwa Asabar, shi da wani ma'aikaci za su kwana biyu a Tudun Aduwa da tiya.

Kwana biyun nan gari bai taɓa ganin irinsu ba. Tun da Sarkin Noma ya buɗe nasa a titi, ba wanda ya ga abin kunya a buɗe nasa a cikin gida. Habibu ya bi gida gida, shi ke zaro dami, mata na sussuka, yana aunawa. Wannan karon bakin turmi ya zauna, matan kuwa da suka samu mai tambayarsu sai da ya roƙe su su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ya fi kowa ya ba da biyu da rabi. Na Maina ya ba da ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba, ya ce ai ya faɗa, ko a tsiya ba ya yarda Inuwa ya wuce shi.

Ranar Asabar aka sa Tudun Aduwa a lis aka buga tampo. Wasu garuruwa biyu da suka ji labari suka ɗora nasu turamen a amalanke, aka auna, ɗaya ya shiga, ɗayan aka tarar daminsa na ba da biyar, suka koma ba su yi sallama da kowa ba.

Ba duka aka ci riba ba. Akuyoyin Fanna sun tafi ke nan. Cikin samarin da suka tsallaka, uku sun ce sun samu abin yi ba za su dawo bana ba. A kasuwannin Kwaya kuwa an daɗe ana nuna Inuwa da baki, Maina ma ya laƙaba masa Sarkin Ƙaiƙayi, sunan ya bi shi. Yana amsawa. Amma aka yi ta buga waya Daura da Kano ana cewa a dawo, iri na zuwa, kuma mafi yawa suka dawo.

Kayan suka iso ana tsakiyar bazara, gabas ta fara haɗa hadari. Kamyo guda ne shaƙe da buhuna, ya zo daidai rairayin da ke gangaren gari ya kafe, tayoyin suka nutse har rabi. Direba ya yi ta ba shi wuta yana ƙara binne kansa, ƙarshe ya kashe ya ce sai an nemo wata mota ta ja shi, gobe ko jibi. Labari na isa gari, ba wanda ya jira mai gari ya yi shela. Maza da mata suka gangaro, masu amalanke da masu jaki da masu gammo kawai. Habibu ya hau bisa kaya da lis yana kiran sunan gida gida, ana sauke buhu ana aza wa mai shi, layi ya miƙe daga rairayin har ƙofar gari, ƴan mata na guɗa a bakin hanya.

Da aka kira Inuwa, ƴaƴansa biyu suka matso za su ɗauka. Ya ce su ɗauki na hatsi, na irin nasa ne. Ya naɗe hannun riga, ya duƙa, aka aza masa. Fanna na biye da shi da buhun dusa a ka tana cewa in bayansa ya riƙe kada ya kira ta da man zafi. Bai sauke ba sai a zaurensa. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebi irin ya tauna ƙwaya biyu, ya ce wa manyan ƴaƴansa su je su wasa sungumi tun yau.